Wace manhajar ajiyar takardu ta dace da kamfaninmu a Damagaram?

"Assalamu alaikum. Ni ke riƙe da kamfanin mahaifinmu a nan Damagaram. Muna sayen riɗi da wake muna kaiwa Kano, muna kuma da kamyo shida na jigila. Biro yana Zango, magaza ɗaya kusa da Kasuwar Dole, ɗaya a Magarya, sai wakilinmu a Yamai. Ma'aikata sun kusa 30, amma masu taɓa kwamfuta ba su wuce 8 ba. Takardu sun fi ƙarfinmu: faktir, bon, takardun duwan, na lampo, kwangiloli. Watan jiya sai da muka juye biro kaf muna neman kwangila guda, ashe tana cikin wayar tsohon sakatarenmu. Yanzu mutum biyu sun kawo mana tayi. Ɗaya ya ce mu ɗauki SharePoint, mu riƙa biya duk wata a kan kowane ma'aikaci. Ɗayan ya ce Alfresco kyauta ce, mu dai sayi sarba ya girka mana. Wanne ya fi mana?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka.

Idan na fahimce ka da kyau, tambaya biyu ce ka dunƙule wuri guda: wace manhaja za ku zuba takardunku a ciki, kuma ina takardun za su kwana, a intanet ko a wata kwamfuta cikin biro, wato sarba. Shawarata ta farko, kada ka sa hannu a kan ko ɗaya daga cikin tayin nan a wannan watan. Manhajojin biyu duk na kirki ne, manyan kamfanoni da ma'aikatu na aiki da su. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, daga yadda ka ba da labari, babu wanda ya zauna ya tambaye ku ta wace ƙofa takarda ke shiga kamfaninku, hannun wa take bi, ina take ƙarewa. Kowa sunan hajarsa ya kira. Sana'ata ke nan, shirya wa kamfanoni da ƙungiyoyi takardunsu a kwamfuta, kuma yawancin ayyukan da na ga sun mutu a garin nan wuta ce ta kashe su, ko rezo, ko rashin mutum guda da za a nuna a ce ga mai kula da abin.

Me irin wannan manhaja take yi?

A biro-biron ƙasarmu GED ake ce mata, masu aiki da Ingilishi kuma ECM. Aikinta ta karɓi takarda, ko daga na'urar sikan ko daga imel ko daga waya, ta maƙala mata bayanan da za a neme ta da su, ta ƙayyade wanda zai iya gani da wanda zai iya gyarawa, ta riƙe tsohon kwafi duk lokacin da aka yi gyara, ta rubuta wanda ya buɗe da ranar da ya buɗe. Manya daga cikinsu suna kuma tura takarda daga tebur zuwa tebur: faktir ta iso, ta je wurin mai magaza ya tabbatar kaya sun shiga, ta wuce wurin kontabil, ta zo gabanka ka amince a biya. Google Drive ko dosiye-dosiyen da kuke buɗewa a kwamfuta suna yin kaɗan daga cikin wannan. Kamfanoni da yawa kaɗan ɗin ya ishe su, sai dai mai talla ba zai faɗa maka haka ba.

Fara da tafiyar kamyo guda

Ka ɗauki tafiya ɗaya ka shimfiɗa takardunta a kan tebur. Kamyo ya yi lodin riɗi a Magarya zai sauke a Dawanau. Akwai bon ɗin fitar kaya da mai magaza ya rubuta da hannu, kwafin da ya rage masa kuwa na kabon ne, da ƙyar ake karanta adadin buhuna. Akwai takardar awo. Akwai takardar duwan. Akwai rasiɗin gazuwal, irin siririyar takardar nan da ke fita daga ƙaramar na'ura, wadda in ta yi wata biyu a aljihun gaban mota cikin zafin Afrilu sai ta koma fara fat. Akwai faktir, akwai shaidar biya da ta zo daga Kano bayan kwanaki. Takardu shida, hannu huɗu ko biyar, kuma biyu daga ciki ba su taɓa zama takarda a wurinku ba, hoto ne direba ya ɗauka a kan cinyarsa ya turo ta WhatsApp, rabin babban yatsansa a ciki.

To, a wace dosiye za a sa su? Kontabil zai ce ta wata, don shi da wata yake rufe lissafi. Kai za ka ce ta sunan mai sayen kaya. Mai kula da motoci zai ce ta lambar kamyo. Duk suna da gaskiya, amma dosiye wuri guda take zama. Daga nan ne kowa ke yin nasa kwafi, a wayi gari takarda ɗaya tana wuri uku, an gyara ɗaya an bar biyu. Babban abin da GED ke saya maka shi ne wannan: takarda ta shiga sau ɗaya, a maƙala mata irinta, kwanan wata, sunan abokin ciniki, lambar kamyo da lambar tafiya, kowa ya neme ta ta hanyar da ya saba. M-Files, manhajar wani kamfani da aka kafa a Finlan, a kan wannan tunani kaɗai aka gina ta, ba ta damu da dosiye ba sam. SharePoint da Alfresco ma suna iyawa, amma sai an zauna an tsara musu, ba sa zuwa a shirye.

Abu biyu na koya a wannan gaɓa. Bayanan da za a cika kada su wuce biyar ko shida. Duk lokacin da aka kai su goma, sakatare zai cika na farko da na biyu, sauran ya danna ɗigo don ya wuce, kuma ba laifinsa ba ne, takarda hamsin ke jiransa. Na biyu, sunan abokin ciniki kada a bar shi a hannun mai bugawa, a zaɓo shi daga jerin da aka riga aka kafa. Ku da kuke ciniki tsakanin ƙasa biyu kun fi kowa sanin dalili: mutum guda ne, takardar duwan ta rubuta Issoufou, ɗan Kano ya rubuta Yusuf, mai magaza ya rubuta Isuhu. Magaria a nan, Magarya a can. Kwamfuta mutum uku take gani. Inda abokin ciniki yake da NIF, wato lambarsa ta biyan lampo, a ɗaura sunansa da lambar, rigima ta ƙare.

Za a yi maka alkawarin cewa manhajar tana karanta rubutun da ke cikin hoto da kanta, ba sai an cika komai ba. Gaskiya ne ga takardar da aka buga da Faransanci ko Ingilishi, aka yi mata sikan mai tsabta a kan ma'aunin ɗigo 300 a kowane inci. Rubutun hannun mai magaza, kwafin kabon, lissafin da dillali ya yi da ajami a bayan faktir, waɗannan kada ka dogara da ita a kansu.

Wuta, rezo da ƙura

Sarba a biro tana da daɗi ta fuska ɗaya: ko intanet ta yanke, mutanen Zango na aikinsu. Amma kwamfuta ce da ba a kashewa, tana son wuta dare da rana, tana son sanyi a garin da zafi ke wuce digiri 40 a bazara, tana kuma shaƙar ƙurar hunturu har fankarta ta toshe. Ba mu manta ba, a watan Agustan 2023 aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya, ba ta dawo ba sai cikin 2024. Duk wanda zai ajiye sarba a Damagaram, kuɗin batir da farantan hasken rana da na'urar daidaita wuta suna cikin kuɗin manhajar, ko mai tayi ya rubuta su ko bai rubuta ba. Sa'an nan ga Magarya ga Yamai: su ta intanet za su shigo, ke nan rezon biro ya zama tilas duk da sarbar, kuma an buɗe ƙofa daga waje wadda sai an san yadda za a tsare ta.

Na taɓa shiga wata ƙungiya a garin nan da aka girka wa sarba mai tsada. Na same ta a ɗakin ajiya, tsakanin kwalaye, an lulluɓe ta da darduma don kada ƙura ta shiga, tana ta huci. Faifan da ake kwafe takardu a kansa yana jone da ita a soket ɗaya, wuta ta dawo da ƙarfi wata rana ta tafi da shi, ba wanda ya lura sai bayan watanni. Wanda ya girka ta ya samu aiki a wata ƙasa, lambar sirrin shugaba, wato wadda ke ba da cikakken iko a kan na'urar, tana kansa.

Ajiya a intanet ta raba ka da duk wannan, ta ɗora maka wani. In rezo ya faɗi, takardunku na nan lafiya amma hannunku bai kai gare su. Yanzu da sauƙi a kan da: ga Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecoms, ga Starlink da ta fara aiki a ƙasar a 2025. Wanda ya haɗa layi biyu na kamfanoni daban ba kasafai zai wuni a rufe ba. Nauyin takardun ma ba abin tsoro ba ne in an yi sikan yadda ya kamata. Shafi guda baƙi da fari bai fi kilobayit 50 ba, shafi 100,000 wajen gigabayit 5 ke nan. Hoton waya ne mai cin rezo, guda ɗaya na iya kai megabayit 3, nauyin shafi sittin. Direbobi su koyi ɗauka da manhajar sikan ta waya, wadda ke yanke gefe ta mayar da hoton PDF.

Wahalar da ba a faɗa ita ce ta biya. Kuɗin wata-wata da kuɗin waje ake lissafa shi, ta katin banki ko ta hannun dillali, kuma ranar da biya ya tsaya, bayan ɗan wa'adi ƙofa rufewa take. Ka tambayi wanda ya kawo tayin: da sunan wa za a buɗe asusun? In da sunan kamfaninsa ne, takardunku na zaune a gidan haya da ba ku ne kuka kama ba.

Tayin nan biyu, da waɗanda ba a kawo maka ba

SharePoint tana zuwa ne a cikin Microsoft 365, tare da imel da wurin ajiya, kuma mutanenka sun riga sun san Word da Excel, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Rauninta shi ne sauƙin lalacewa: in aka kwashe dosiye-dosiyen da ke kwamfutocinku aka juye a ciki yadda suke, an kwashe hargitsin an kai shi intanet ke nan, ana kuma biyan haya a kansa. Tana da wata iyaka ta abu 5,000 a jeri guda, wadda in ba a tsara ma'ajiyar da kyau tun farko ba za ta fara ba ku ciwon kai. Ka yi lissafin shekara biyar, kada ka tsaya a na wata. Misali kawai, a ce Yuro 10 ne kan kowane mutum: Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, mutum 8 a wata 60 ya kama miliyan 3 da jikka 150. In aka lallashe ka ka yi wa duk ma'aikata 30, ya haura miliyan 11 da jikka 800. Direba da ɗan dako ba sa bukatar lasisi, wanda ke karɓar takarda daga hannunsu shi ke bukata.

Alfresco kuwa, tun 2020 kamfanin Hyland na Amurka ya saye ta. Akwai ta kuɗi, akwai ta kyauta, kuma ta kyautar ce aka yi maka tayi. Kyauta ce da gaske, sai dai kamfanin ba ya ɗaukar alhakinta. In ta tsaya, kai da wanda ya girka maka ne. Ba manhaja guda ba ce, tarin abubuwa ne ke tafiya tare, ma'ajiyar bayanai daban, injin bincike daban, kowanne na son sabuntawa. Ga ma'aikatar da ke da masanin kwamfuta a kan albashi, zaɓi ne mai kyau ƙwarai. Ga mutum 8 da ba su da kowa, ta yi muku nauyi. Ka tambayi mai tayin mutum nawa ne a Damagaram, ban da shi, za su iya tayar da ita in ta faɗi ranar Alhamis da yamma.

Tsakanin waɗannan akwai wasu. Maarch ta Faransa an yi ta ne don wasiƙun shiga da fita na ma'aikatu, ta fi dacewa da mai rajistar wasiƙu fiye da ɗan kasuwa. Nextcloud tana ba ka irin Google Drive a kan kwamfutarka. Paperless-ngx ƙarama ce, kyauta, ba ta son babbar na'ura, ta iya karɓar sikan ta karanta ta jera, amma ba ta da ƙarfi wajen zagaya takarda don sa hannu. In kuna tunanin sauya manhajar lissafi da ta kaya gaba ɗaya, Odoo na da sashen takardu da ke manne da faktir. OpenText da ire-irenta na bankuna da kamfanonin mai ne, kada ka ɓata lokacinka.

Abin da doka ke nema

Dokar lissafi ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta ƙasashen Afirka, ta ce littattafan lissafi da takardun da ke tabbatar da su a ajiye su shekara 10. Ke nan duk abin da za ka zaɓa, ka auna shi da shekara goma, kuma takardun ajiya a adana su a PDF/A, nau'in da aka yi domin ya daɗe yana buɗuwa. Yin sikan bai ba ka izinin ƙona asali ba. Kwangila mai sa hannu da kashe (hatimi), takardar duwan, takardar fili, duk su zauna a kabad, a rubuta lambar kwalinsu a cikin manhajar. Wace takarda ce kwafinta zai wadatar a gaban masu lampo ko alƙali, wannan kontabil ɗinku da lauya za su yanke, ba ni ba. Faktir ɗin da kuke fitarwa ta tsarin tabbatarwa na DGI, hukumar lampo, can za ta ci gaba da fita. GED kwafinta kawai take ajiyewa.

Dosiyen ma'aikata kuma, da albashinsu da takardun CNSS, hukumar inshorar ma'aikata, da na asibiti, suna ƙarƙashin dokar kare bayanan mutane, wadda aka fara kafawa a 2017 aka sabunta a 2022, hukumar HAPDP ke kula da ita. Dokar ta shafi fitar da irin waɗannan bayanai zuwa wata ƙasa, ajiya a intanet kuwa sau da yawa fitarwa ce. Ka sa mai tayi ya rubuta maka ƙasar da takardun za su zauna, ka nemi bayanin hukumar kafin dosiyen ma'aikata su hau. Ko ba doka, ai ba ka so mai magaza ya buɗe ya ga albashin kontabil.

Kada a yi cinikin biri a sama

Kowane mai tayi zai nuna maka manhajarsa da takardunsa masu tsabta, a kan rezo mai kyau. Ka ce a'a. Ka tara takarda ɗari daga cikin naku, har da mafi muni, kwafin kabon da hoton direba. A zuba su. Sa'an nan sakatarenka ya zauna a kujerar, mai tayi ya koma gefe ya naɗe hannu. Ka ce a fito maka da duk takardun kamyo kaza na watan Maris. Ka kira Magarya ka ce su tura bon yanzu, kana kallon agogo. Ka sa a goge takarda da gangan a dawo da ita. Ka zare wayar intanet ka ga abin da ya rage ana iya yi.

Gwajin ƙarshe shi ne wanda ba sa so: ka ce yau mun fasa, a fitar mana da takardunmu ɗari, kowace da sunanta, da bayananta a jere a Excel, a kan kile (USB). In ya yi shi a gabanka, madalla. In ya fara cewa sai an rubuta wa kamfani, ko sai an biya wani abu, ka san yadda rabuwarku za ta kasance bayan takardun sun kai dubu ɗari. Wannan sharaɗi ya shiga kwangila, tare da cewa asusu da sunan kamfaninku yake, lambar sirrin shugaba kuma tana hannunka, a rubuce, a cikin ambulan a kabad.

Kwafin tsaro ma a rubuta shi: kwafi uku, a kan abu iri biyu, ɗaya a wajen biro. Dosiyen da ke daidaita kansa da intanet ba kwafin tsaro ba ne, don in ƙwayar cutar da ke kulle takardu ta shiga kwamfuta ɗaya, kullallun za ta tura sama. Faifan da ake jonawa ranar Juma'a a cire a kai gida ya fi shi amfani a ranar wahala, in dai ana gwada buɗe shi lokaci-lokaci.

Da ni ne a kujerarka

Ban ga takardunku ba, ban kuma san hannun mutanenka a kwamfuta ba, don haka ka ɗauki wannan a matsayin inda na fi karkata. Wuri huɗu, mutum 8, babu masani a gida: ni ajiyar intanet zan bi, da layi biyu, da faifan Juma'a. SharePoint za ta iya, da sharaɗin kuɗin tsarawa da koyarwa su fito a tayin a fili, a kuma fara da iri biyu kawai, kwangiloli da takardun tafiyar kamyo. In sun zauna wata uku ana samun abin da ake nema, a ƙara faktir da na lampo. Zagaya takarda don amincewa ya jira sai an saba. In aka fara da shi, ranar da ka yi tafiya Kano komai zai tsaya yana jiran ka danna. In kuwa lissafin shekara biyar ya yi maka yawa, ko hukuma ta ce dosiyen ma'aikata su zauna a gida, ƙaramar kwamfuta mai Paperless-ngx ko Nextcloud a kan batir ta fi Alfresco dacewa da girmanku.

Ko wanne ka ɗauka, ka fitar da mutum guda daga cikin takwas ɗin, ka rage masa wani aiki, ka ƙara masa wani abu a albashi, ka sanar da kowa cewa takardar da ba ta bi ta hannunsa ba, ba ta shiga kamfani ba. Kai ma, Alhaji, har da kai, don a yawancin kamfanonin gida wayar mai gida ce babbar ma'ajiyar da ba wanda ke iya shiga. Ku sayi na'urar sikan mai jan takardu da kanta, mai ɗaukar gaba da baya, a riƙa rufe ta da goge robobinta lokacin hunturu.

Tsofaffin takardu kuma kada ku ce sai kun yi musu sikan duka kafin ku fara, a nan ne ƙarfi ke ƙarewa. Ku sa rana, daga ranar duk sabuwar takarda ta shiga manhaja. Daga baya ku ɗauko kwangilolin da ke aiki, takardun filaye da na motoci, da rasiɗan nan masu gogewa tun ana iya karanta su. Sauran a jera su a kwali, shekara-shekara, a rubuta lamba a jiki, a ɗaga su daga ƙasa a kan kanta ta ƙarfe nesa da bango saboda gara. Wanda aka nema a ciki, ranar da aka nema sai a yi masa sikan kafin a mayar.